DARASIN KULA DA INJI: SABON FAMFON MAI A TSOHON JIRGIN RUWA

Ina roƙon kowace ƙungiya ta karanta wannan darasi a taronta na wata, a kuma gayyaci direba da bakaniken da ke yi muku aiki su zauna a ji tare da su.

Bara da damina tsohuwar akori-kurar ƙungiyarmu ta fara ba mu wahala. In ta ɗauko taki ta zo hawan tudu sai ta riƙa shaƙewa, wani lokaci ma ta mutu. Bakanike ya duba, ya ce famfon mai ne ya gaji. Ya cire shi ya ɗaura mana na lantarki, ya ja waya guda daga makulli zuwa famfon. Mota ta tashi lafiya lau, kowa ya yi murna. Bayan mako uku, muna bakin gona sai inji ya mutu. Direba ya sauko ya buɗe bonet, bai kashe makulli ba. Abin da muka gani ya sa gabanmu ya faɗi. Tsohon tiyo ya tsage, famfo kuwa yana ta aikinsa, fetur yana tsartuwa a gefen inji mai zafi yana zuba ƙasa. Yashi ya shanye man, iska ta kwashe tururin. Mun tsira, amma ba don wayonmu ba.

Wannan ne ya sa na shiga neman yadda ake yin aikin daidai. Na tarar ba inda aka tsananta wa maganar kamar wajen masu jiragen ruwa na ƙasar Amurka. A cikin jirgi, kuskuren da muka yi ba ya barin mutum da rai, domin haka suka kafa masa doka. Darasinmu na yau a kan ɗaya daga cikin jiragensu yake. A ƙarshe za mu ga abin da ya shafi namu injuna.

WANE IRIN JIRGI NE?

A Amurka akwai wani wasa da ake yi a tafki. Mutum yakan sa dogayen katakai a ƙafa, ya riƙe igiya mai tsawon ƙafa 75, jirgi ya ja shi da gudu yana sulɓi a bisa ruwa. Wani saurayi mai suna Ralph Samuelson ne ya fara shi a shekarar 1922 a tafkin Pepin da ke jihar Minesota. Da wasan ya yaɗu sai aka shiga ƙera jirage musamman dominsa. Kamfanin Correct Craft na jihar Filorida ya fito da jirgin Ski Nautique a 1961. Kamfanin MasterCraft kuma ya fara aiki a 1968 a jihar Tenesi.

Jirgin ba shi da girma, tsawonsa kamar ƙafa 18 ko 19 ne. Ya bambanta da kwale-kwalen da muke gani a Binuwai da Kwara, wanda ake rataya wa inji a baya a fili. Wannan injinsa a tsakiyar jirgi yake, a rufe cikin akwati. Wata sandar ƙarfe ta fito daga inji ta ratsa ƙasan jirgi zuwa farfela. Tankin fetur yana can baya. Injin kuwa na mota ne aka gyara shi domin aikin ruwa. Da yawa cikin jiragen shekarun 1970 da 1980 suna ɗauke da injin Ford mai silinda 8 wanda ake kira 351, mai lita 5.8, ƙarfinsa wajen doki 240. Da kafireta yake aiki, kamar tsofaffin motocinmu.

Jikin jirgin na faiba ne, ba ya tsatsa, saboda haka da yawansu suna aiki har yanzu. Amma roba ba ta shekara 40 tana nan yadda take. Famfon mai da tiyo su ne sukan fara gajiya.

YADDA TSOHON FAMFO YAKE AIKI

Famfon asali ba ya amfani da batir. A jikin inji yake, yana da ɗan hannu na ƙarfe da ya shiga ciki. In inji yana juyawa, wani ƙarfe mai tozo a kan sandar kam yakan danna hannun ya sake, ya danna ya sake. Hannun yana motsa wani faifan roba, wanda bakanikai ke kira dayafaram. In faifan ya yi ƙasa ya zuƙo fetur daga tanki, in ya yi sama ya tura shi kafireta. Ƙananan bawul biyu suna hana man komawa baya.

Ku lura da wannan, gama shi ne tushen darasin. Tun da inji ne ke motsa famfon, da zarar inji ya tsaya famfo ma ya tsaya. Ba ya bukatar wani ya tuna ya kashe shi. Famfon lantarki kuwa bai san ko inji yana raye ko ya mutu ba. Muddin wuta tana zuwa masa, zai yi ta tura mai har tanki ya ƙare. Wanda ya cire na inji ya sa na lantarki ya cire wannan kariya ke nan, tilas ne ya mayar da ita ta wata hanya.

Abin da ke kashe tsohon famfo uku ne. Faifan roba yakan bushe ya tsage, bawul sukan daina rufewa, tozon da ke danna hannu kuma yakan cinye. Akwai kuma maganar mai. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yanzu an gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na etanol, wani sinadari da suke yi da masara. Etanol yana cin tsohuwar robar da aka yi tun kafin zuwansa, yana kuma jawo laima cikin tanki.

JIRGI BA MOTA BA NE

In fetur ya zuba a mota, ƙasa yake faɗa wa, iska ta tafi da tururinsa. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake, abin da ya zuba a ciki yana nan a ciki. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, saboda haka ba ya tashi sama. Yakan gangara ya kwanta a gindin jirgi ƙarƙashin inji, kamar yadda ruwa ke taruwa a fadama. Ba ya bukatar yawa. In ya kai wajen kashi 1 da rabi zuwa 7 da rabi cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi guda daga sitata ya isa ya fasa jirgin da mutanen ciki.

Bari mu yi ɗan lissafi. Injin fetur yakan sha kimanin rabin laba na mai a awa guda domin kowane doki ɗaya na ƙarfinsa, in an taka shi iyaka. Doki 240 ke nan laba 120. Galan ɗin Amurka na fetur ya kai wajen laba 6. Watau galan 20 a awa, kimanin lita 75. Famfon da zai ciyar da wannan inji tilas ya iya tura fiye da lita guda a minti ɗaya. To, in tiyo ya tsage, inji ya mutu, famfo bai tsaya ba, kafin mai jirgi ya gama tunanin abin da ya faru, a minti 5 an zuba fiye da lita 6 a ƙarƙashin ƙafafunsa. Sa'an nan ya murɗa makulli domin ya sake ta da inji.

Domin haka a shekarar 1977 hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta fito da dokokin kayan mai na jiragen fetur. Ga guda huɗu da suka shafe mu:

1. Famfon lantarki kada ya yi aiki sai lokacin da inji ke aiki, ko lokacin da ake ta da shi.
2. Famfo ya kasance a jikin inji, ko kuwa kada ya wuce inci 12 daga inji. Dalili shi ne a rage tsawon tiyon da mai ke bi da ƙarfi.
3. Famfo mai faifan roba kada ya zubar da mai waje in faifan ya tsage.
4. Tiyon da ke tsakanin famfo da kafireta ya zama irin wanda aka rubuta wa A1, wanda aka gwada ya jure wa wuta minti 2 da rabi.

Doka ta uku tana nuna mana abin da ya raba famfon mota da na jirgi. Na mota yana da ɗan rami inda mai ke ɗiga ƙasa in faifai ya tsage. Na jirgi yana da siririn tiyo mai haske da ke kai man zuwa bakin kafireta. In mai jirgi ya ga fetur cikin wannan tiyo, ya san famfo ya lalace. Su biyun sun yi kama a ido, na mota kuma ya fi araha. Amma araha ba ta ado.

KAFIN A ZARGI FAMFO

Alamun ƙarancin mai sanannu ne. Inji yana tashi lafiya, amma in an ba shi wuta sai ya shaƙe. Ko kuwa ya yi gudu minti biyu ya mutu, a jira kaɗan ya sake tashi. Sai dai ba famfo kaɗai ke kawo wannan ba. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo, ciwon kuwa yana nan. A bi waɗannan da farko, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. Filta. A kwance ta a juye abin da ke ciki a kwalba mai haske. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, fetur a sama.
2. Hancin tanki. Kowane tanki yana da ɗan bututun da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka zuƙe. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. In inji ya fara shaƙewa, a sassauta murfin tanki. In an ji iska ta shiga da ƙarfi, inji kuma ya farfaɗo, hancin ne ya toshe.
3. Bawul ɗin bakin tanki. A inda tiyo ya fito daga tanki akwai ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin. Aikinsa ya hana mai kwarara da kansa in tiyo ya tsinke. Datti yakan maƙale shi. A wanke shi ko a sake sabo, amma kada a cire shi a yar.
4. Tiyo. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki, ya manne in famfo ya zuƙa, alhali ta waje ba a ganin komai. Ƙaramin tsagi kuma yakan sa famfo ya zuƙi iska maimakon mai.
5. Baƙin mai. A zaro sandar awo a sansana. In yana warin fetur, ko kuwa ya ƙaru da kansa, faifan famfo ya tsage yana zuba mai cikin inji. A nan famfo ne, tilas kuma a juye baƙin man.
6. Geji. A ɗaura gejin awon ƙarfin mai kusa da kafireta. Kafireta irin ta wannan inji tana son ƙarfi tsakanin 4 da 7 a ma'aunin da ake rubuta wa psi. In allura ta faɗi ƙasa sa'ad da aka ba inji wuta, alhali sauran abubuwan suna lafiya, to famfo ya gaji.

WANNE ZA A SAYA?

In ana samun famfon inji irin na jirgi, tozon da ke motsa shi kuma bai cinye ba, shawarata a mayar da irinsa. Noti biyu ne da gasket guda, ba waya, ba fis. Da tsohuwar zuma ake magani. Ana komawa ga na lantarki ne in ba a samu na asali ba, ko tozon ya cinye, ko kuwa an sake inji da wanda ba shi da gurbin famfo. Na lantarki yana da nasa amfani. In jirgi ya daɗe a ajiye kafireta ta bushe, yakan cika ta da sauri, ba sai an yi ta wahal da batir ba.

In za a sayi na lantarki, a duba abu uku.

Na ɗaya, ƙarfinsa. A cikin kafireta akwai ɗan kwano mai abin shawagi da allura, kamar tankin ruwa mai rufe kansa in ya cika. Allurar ba ta iya tare ƙarfin da ya wuce wajen 7. Famfon injunan zamani masu injekta yakan kai 40. In aka sa irinsa a kafireta, zai ture allura, mai ya yi ambaliya. A sayi mai ƙaramin ƙarfi wanda aka yi domin kafireta.

Na biyu, yawan man da yake turawa. Lissafinmu ya ba mu galan 20 a awa. A sayi wanda ya ɗara haka sosai, gama adadin da ake rubutawa a kwali sau da yawa na famfon da ke zuba a fili ne, ba abin da ya tare shi.

Na uku, ya zama na jirgi, a rufe ruf yadda tartsatsinsa ba ya fita waje. Irin wannan akan rubuta masa SAE J1171 a jiki. Haka ma kowane kayan lantarki da za a sa cikin akwatin inji.

Sauran kaya su ne: tiyo A1, maɗauran tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa, filta mai raba ruwa da mai, makunnin baƙin mai mai ƙafa uku, rile, fis, waya mai kauri, da farantin toshe gurbin tsohon famfo da gasket ɗinsa.

YADDA AKE ƊAURA SHI

1. A fito da jirgi fili inda iska ke kaɗawa. A buɗe akwatin inji. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir. A ajiye tukunyar kashe gobara kusa da hannu.
2. A cire wayar batir, ta baƙin kai da farko.
3. A sa kwano da tsumma a ƙarƙashin tsohon famfo kafin a kwance tiyo. Man da ya zuba a goge shi nan da nan, a fitar da tsumman daga jirgi.
4. A kwance noti biyu a zaro famfon. A kankare tsohon gasket, a rufe gurbin da faranti. Kada a bar tsohon famfo a wurin ana bi da mai ta cikinsa, gama in faifansa ya tsage sabon famfo zai ɗura fetur cikin baƙin mai.
5. A zaɓi wurin sabon famfo. Famfon lantarki ya fi iya turawa da zuƙowa, saboda haka a sa shi ƙasa-ƙasa. Amma kada ya wuce inci 12 daga inji, kada kuma ya yi ƙasa har ruwan da ke taruwa a gindin jirgi ya taɓa shi. A nesanta shi da bel da wurin zafi. A ɗaure shi da noti, ba da waya ko roba ba.
6. A bi wannan jeri: tanki, filta, famfo, kafireta. Filta tana gaban famfo domin datti da ruwa kada su shige shi. A duba kibiyar da ke jikin famfo, tana nuna inda mai ke fita.
7. A sake tiyo duka tun daga tanki. Sabon famfo da tsohon tiyo shi ne ya kusa halaka mu a bakin gona. A ɗaure tiyo a jikin jirgi yadda ba zai goga da wani ƙarfe ba.
8. A wurin haɗa zaren bututu kada a naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa. Guntunsa yakan tsinke ya je ya maƙale a allurar kafireta. A shafa man liƙi wanda fetur ba ya narkarwa.

HAƊA WAYA: NAN NE AIKIN YAKE

Ta yaya famfo zai san inji yana raye? Ta wurin baƙin mai. In inji yana juyawa baƙin mai yana zagawa da ƙarfi. In inji ya tsaya, ƙarfin ya faɗi nan da nan. Makunnin baƙin mai yana jin wannan ƙarfi. Ana ɗaura shi a ramin da na gejin baƙin mai yake, da mahaɗi mai baki uku domin geji ya ci gaba da aiki. Ba ɗaya yake da mai ƙafa guda wanda ke kunna jar fitila a gaban direba ba. Wannan ƙafa uku gare shi, da haruffa a kansu:

I tana karɓar wuta daga makulli.
S tana karɓar wuta daga wayar da ke ta da sitata.
P tana kai wuta wajen famfo.

Sa'ad da inji ke tsaye, P a haɗe take da S. In an murɗa makulli sitata tana juyawa, wuta ta bi ta S, famfo ya yi aiki ya cika kafireta. Da inji ya tashi baƙin mai ya yi ƙarfi, makunnin ya saki S ya kama I, famfo ya ci gaba da aiki. In inji ya mutu ta kowane dalili, ƙarfin baƙin mai ya faɗi, makunnin ya koma S inda babu wuta, famfo ya tsaya ko da makulli yana kunne. Kun ga an mayar wa sabon famfo halin tsohon.

Ya fi kyau ƙafar P ta kunna rile, rile kuma ya ɗauko wuta daga batir ya ba famfo. Ta haka tsofaffin wayoyin makulli ba za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba. A sa fis kusa da inda aka ɗauko wutar, girmansa yadda takardar famfo ta faɗa. A ja wayar komawa daga famfo zuwa jikin inji, gama faiba ba ta ɗaukar wuta kamar ƙarfen mota. Kada a ɗauki wuta daga kan kwayil. A tsofaffin injuna wutar da ke zuwa kwayil an rage mata ƙarfi da gangan, famfo zai yi rauni, filogi ma su rasa wuta. Kowane mahaɗin waya a matse shi da abin matsewa a rufe shi, ba a murɗa da hannu a naɗe da leda ba.

GWAJI

Injin jirgi da ruwan tafki yake sanyaya kansa. Kada a ta da shi a tudu sai an haɗa masa tiyon ruwa, in ba haka ba robar famfon ruwansa za ta ƙone nan da nan.

A mayar da batir. Kafin a taɓa makulli a sunkuya a sansana gindin jirgi. A kunna fankar da ke zuƙe iskar akwatin inji har minti 4, kamar yadda gargaɗin da ake mannawa kusa da makulli ya ce. Sa'an nan a yi gwaji huɗu:

1. A kunna makulli, kada a ta da inji. Tilas famfo ya yi shiru. In an ji yana guna, haɗin bai yi ba. A tsaya a gyara.
2. A ta da inji. A duba geji, ya tsaya tsakanin 4 da 7.
3. Inji yana aiki, a bi kowane mahaɗi da busasshiyar takarda. Ɗigo ɗaya ma bai halatta ba. A leƙa kafireta a tabbata ba ta ambaliya.
4. A kashe inji, a mayar da makulli wurin kunne nan da nan ba tare da ta da shi ba. Famfo yana iya yin ɗan motsi kaɗan, amma tilas ya tsaya da zarar baƙin mai ya sauka.

Bayan haka a kai jirgi ruwa, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana duban geji. In allura ta faɗi sa'ad da aka ba shi wuta iyaka, akwai abin da ke tare mai tsakanin tanki da famfo. Bayan an dawo a sake bin mahaɗai a ƙara matse su.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba mu da jirgin wasa, amma muna da tsofaffin motoci masu kafireta, ana kuwa sa musu famfon lantarki kullum a gareji. Motocin zamani masu injekta sun zo da wannan kariya tun daga kamfani. Shi ya sa in kun kunna makullinsu kukan ji famfo ya yi guna kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru, yana jiran inji ya juya. Tsohuwar mota ba ta da wannan sai an sa mata. Ku tuna, in mota ta yi haɗari direba ya suma, ba mai kashe makulli. Mu dai mun mayar da tamu gareji, aka sa makunni da rile da fis, aka sake tiyo duka. Aikin bai ci yini guda ba.

Haka kuma dabarar nan ta ɗora galan a kan mota a ja tiyo zuwa kafireta. Shi ma ba ya tsayawa in inji ya mutu. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Yawancin ƙananan injunan ban ruwa da janareta ba su da famfon mai. Tankinsu yana sama, mai yana gangarowa da kansa. Kariyarsu ita ce ɗan makullin mai da ke ƙarƙashin tanki. A rufe shi duk lokacin da aka kashe inji. Ɗakin injin niƙa mai fetur, da ɗakin janareta, da ramin da akan saukar da injin ban ruwa a bakin rafi, dukansu kamar gindin jirgi suke, tururi yana kwanciya a ciki. A yi wa ɗakin tagar iska ƙasa-ƙasa kusa da daɓe. In an ji warin fetur kada a ta da inji sai an gano inda yake fitowa.

In gobara ta tashi akan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma waya guda da aka ja daga makulli zuwa famfo, mutum ne ya ja ta da hannunsa. Kayan ƙungiya kuɗin gumin mutane da yawa ne, ran direba da na yaran mota kuwa ba a sayo shi a kasuwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa famfon inji yake tsayawa da kansa, na lantarki kuwa ba ya tsayawa?
2. Ku faɗi abubuwa huɗu da za a duba kafin a ce famfo ya lalace.
3. Me ya sa zubar fetur ta fi haɗari a jirgi fiye da a mota? Wane wuri ne a ƙauyenku ya yi kama da gindin jirgi?
4. Wane ne a ƙungiyarku aka ɗora wa duba tiyo da filta, kuma yaushe ya duba na ƙarshe?

AIKIN WANNAN WATA

Bayan taro ku je wurin motar ƙungiya tare da direba. Ku kunna makulli, kada ku ta da inji, kowa ya yi shiru ku kasa kunne. In kun ji famfo yana ta guna bai tsaya ba, kada motar ta ɗauki kaya ko mutane sai an gyara haɗin. Sakatare ya rubuta ranar da aka duba da abin da aka gani a littafin ƙungiya, ya kawo rahoto a taro mai zuwa.

Sai mun sadu a darasi na gaba. Ku huta lafiya.